Irin Accar Afiniki

A farkon daminar 1977 ƙaramar hukuma ta aiko da saƙo Godogodo: saboda yunwar bara, za a raba irin masara da takin zamani kyauta. Amma fa sai wanda malamin gona ya tarar ya gama huɗa ranar Juma'a. Wanda ya kafa wannan doka, na rantse bai taɓa riƙe garma ba.

Baba Kumai ya ji sanarwar a coci. Ya haura saba'in, matarsa Afiniki ta rasu da rani, 'ya'yansa biyu suna aikin reluwe a Kafanchan, sai Kirsimeti ake ganinsu. Shi kaɗai ba zai iya huɗar ba, sai da gayya. Ita kuwa gayya ba a kiranta da fatar baki, mai gona ne ke ciyar da jama'a. Ga rumbunsa ko ɓera ya daina leƙawa.

Abu ɗaya ya rage: tulun irin acca da Afiniki ta liƙe bakinsa da laka kafin ciwo ya kwantar da ita. Daga gidan ubanta a Gwantu ta zo da irin, shekara arba'in tana shukawa. Ya daɗe zaune a gaban tulun, sannan ya fasa lakar.

Ya kira gayya. Ranar Alhamis ya surfa accar, ya tuƙa. Mutumin da bai taɓa hura wuta ba! Tuwon ya yi gudaji, amma ya cika tukunya. Ya kai gona, ya ajiye a inuwar ɗorawa, ya jira.

Ba wanda ya zo. Ba mugunta ba ce, Juma'ar nan ta kowa ce, kowa na fama da tasa gonar. Maƙwabciyarsa Regina ce kawai ta tsaya a bakin hanya, garma a kafaɗa.

"Baba, ka yi hankuri, mu ma ba mu gama namu ba. Sati mai zuwa za mu zo."

"Ba komai, 'yata. Zo ki ci."

"Sai na dawo."

Ba ta dawo ba. Ya yi kunya huɗu, bayansa ya ƙi.

Washegari malamin gona ya zo a keke, ya dubi kunya huɗun, ya ce doka ce, ya wuce da buhunansa.

Kumai ya koma gindin ɗorawa ya buɗe tukunyar. Tuwon ya fara tsami. Ya yi addu'ar da suka saba yi su biyu, ya kai loma baki. Yashi ya yi masa ƙas a haƙori, sai hawaye. Shekara arba'in bai taɓa tauna yashi a tuwon Afiniki ba.