Zuwa na Uku

Jajibirin Kifur, babbar ranar azumin neman gafara, Gazala na zaune a inuwar rumman a gidanta na unguwar Yahudawan tsibirin Jarba tana figar kaza. Sau biyu ƙanwarta Miziyana ta zo neman afuwa, sau biyu tana jin ƙwanƙwasawa ta ƙi tashi. Kowa kuwa ya san doka: mai laifi ya roƙa sau uku, in an ƙi shi, ya sauke nauyinsa, ba sai ya sake dawowa ba.

Laifin ba ƙarami ba ne. Miziyana ce da bakinta da ba ya riƙe ruwa ta fesa cewa 'yar Gazala na farfaɗiya, auren yarinyar ya watse.

"Haka aka halicce ni da riƙo," Gazala ta ce wa kazar. "Na Baba na gada."

Rana ta yi nauyi, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ga tsakar gidan ya cika da ruwa mai ɗumi, gashin kaza na yawo a kai. Wani mala'ika na tsaye, ɗauke da ɗigon ruwa a tafinsa, ta kuma gane ita ce ɗigon, tun ba a haife ta ba.

"Doguwa ko gajera?" ya tambayi sama.

Aka ce gajera.

"Mai wadata?"

Aka ce a'a. Aka yanka mata zafin rai, da ciwon gwiwa, da 'ya ɗaya mai faɗuwa. Gazala ta ji tausayin ɗigon ya kama ta.

Mala'ikan ya juya zai sauka.

"Tsaya mana, bawan Allah. Ba ka tambayi riƙo ba."

"Ba a tambayar wannan."

"To wa ya yanka mini?"

Ya miƙo mata tafinsa da ɗigon a ciki, kamar mai cewa wannan zaɓinta ne.

Ƙwanƙwasawa ce ta farkar da ita, a hankali, irin ta wanda ya riga ya fid da rai.

"Yaya, ni ce."

Gazala ta laluba zuciyarta ko fushin ya ragu. Ina, yana nan daram, ko gezau bai yi ba. Ta ji takun takalmi ya fara nisa. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta zare sakata.

Miziyana ta waigo, ido jawur.

"Ban huce ba, uwar surutu," in ji Gazala. "Wataƙila har in mutu ban huce ba. Na yafe. Shigo ki riƙe mini ƙafar kazar nan."