Sarkin Bita Ya Ɓata a Hanyar Ajinsa

Akwai wani irin kwaɗayi da ba na tuwo ba ne, ba na miya ba: kwaɗayin mutumin da ke yawon neman iri gari-gari, gonarsa kuwa ciyawa ta kai wuya. Shi ne laifin da ya kayar da wani malamin labarin ƙasa, wanda abokan aikinsa ke kira Sarkin Bita.

Kwalejoji uku ne suka haɗa kai: ta bakin gada, ta kan tudu, da ta cikin gari inda yake koyarwa. Suka buɗe asusu guda domin malamansu su riƙa zuwa bita da ƙaro ilimi. Kowace kwaleji ta naɗa wakili mai karɓar sanarwa ya manna wa 'yan'uwansa, a ta cikin gari kuwa shi aka naɗa. An ba kura ajiyar nama.

Kada a yi masa ƙazafi, yana manna sanarwar. A ɗakin malamai ma yake mannawa, kamar yadda doka ta ce. Sai dai a bayan ƙyauren ƙofa yake yi, ƙofar da saboda zafi ake tokare ta da bulo tun safe har a tashi. Saboda haka duk bitar da ta zo, mai nema ɗaya ne daga kwalejin cikin gari: shi kaɗai. Ya je ta sababbin dabarun koyarwa, ya je ta jan hankalin ɗalibi, ya je ta yadda ake shirya bita. Daga kowace ya dawo da takardar shaida da jaka mai tambari.

"Baban yara, jakar nan ta arba'in da ɗaya ke nan," in ji matarsa ran nan. "'Ya'yanka kowa na da uku, na zuba albasa a biyu. Wai ilimin ne a ciki, ko a kai ake dawowa da shi?"

"Ke ba za ki gane ba. Gina ni ake yi."

"To Allah ya sa a kai ga rufi."

Ajinsa kuwa yana hannun wata dattijuwar malama da ɗalibai ke kira Uwar Alli, don ba a raba hannun rigarta da farin ƙura. Ranar farko cewa ya yi, "Yaya, riƙe mini yaran nan kwana uku." Kwana uku suka haifi zango shida. In sun haɗu a baranda ya ce, "Yaya, ya yarana?" ta ce, "Suna gaishe ka, Malam," ta wuce da tulin takardun gyara.

Ana nan sai babbar dama ta faɗo: kujera ɗaya tak a kwalejojin uku, shekara guda ta ƙaro karatu a wata babbar jami'a, asusu ya ɗauki komai. Sarkin Bita ya manna ta a inda ya saba, ya cike takarda, ya jera bitocinsa har ya nemi ƙarin shafi. Tun ba a yanke ba ya sayi akwati mai taya da rigar sanyi, ya yi wa surukansa sallama. Akwai wani ɗan layi a ƙasan takardar da ya ce kwamiti zai zo ya ga mai nema a cikin ajinsa. Ya gani, ya yi murmushi. Mutumin da ya san dabarun koyarwa arba'in da ɗaya, awa guda za ta gagare shi?

Ranar Talata da hantsi kwamiti ya iso, mutum uku, shugabansu wani tsoho mai sanda daga kan tudu. Sarkin Bita ya shige gaba da taswira a naɗe a hammata, yana yi musu bayanin yadda malamin kirki ke sanin kowane ɗalibi da sunansa. Ya tura ƙofar ɗaki na bakwai. Karyayyun kujeru ne jibge har rufi, da wata kyanwa tana shayarwa.

"Ɗaliban naka suna da natsuwa," in ji tsohon.

"Ranka ya daɗe, an ɗan yi canji ne. Na tuna, sama aka mayar da mu."

Suka hau bene, tsohon na dogara sanda yana nishi. A sama suka tarar da masu koyon ɗinkin keke. Suka sauko. Ya kai su ƙarshen baranda, nan ma ɗakin gwaje-gwaje ne. Gumi ya jiƙa taswirar. Yana ta lissafi a zuci: ina ne ya ga Uwar Alli tana nufa da takardu? Bai taɓa waiwayawa ya duba ba.

"Malam," tsohon ya ce, "wannan taswirar ta hammatarka ta duniya ce ko? Da ta kwalejin ka riƙo."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dole ya tsayar da mai shara, ya rage murya ya ce, "Inna, ajin labarin ƙasa fa?"

Ita kuwa ba ta iya raɗa ba. "Ajin Uwar Alli? Ai tun bara waccan da rufi ya yi yoyo aka mai da su bayan ɗakin karatu. Kai baƙo ne, ɗana? Biyo ni."

Haka mai tsintsiya ta ja malamin taswira da baƙinsa har ƙofar ajinsa. A ciki Uwar Alli ta jera ɗalibai sun kewaye wani faranti cike da yashi, tana zuba ruwa daga buta tana nuna musu yadda kogi ke cin gaɓarsa. Sarkin Bita ya gyara murya ya shiga da fara'a, ya ce, "Yarana, ku koma kujerunku."

Ba wanda ya motsa. Wata ɗaliba ta matso da ladabi ta ce, "Baba, in ɗanka kake nema, sai an tashi. Malama ba ta son a katse darasi."

Tsohon ya zauna a kujerar baya, ya ce a ci gaba. Suka kalli darasin har ƙarshe, Sarkin Bita na tsaye jikin bango kamar tsintsiyar da aka jingine. Da aka tashi tsohon ya tambayi Uwar Alli bita nawa ta je ta koyo wannan dabarar yashi.

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin sanarwa ba. Na ɗauka sai an kira mutum."

"Ina mannawa," Sarkin Bita ya yi wuf ya ce. "Wallahi ina mannawa."

Nan ne kaɗai ya faɗi gaskiya ranar, ita ce kuma ta ƙarasa shi. Aka ce ya nuna wurin. A ɗakin malamai, gaban kowa, ya sunkuya ya janye bulo da hannunsa, ƙyaure ya juyo. Ga su nan, takardun shekara uku, wata kan wata, na ƙasa sun yi ja, gizo-gizo ya yi musu labule. Malamai suka taso suna karanta damar da ta wuce su, kowa na neman tasa. Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi sauƙi.

Kwamiti ya ƙara mako biyu domin kowa ya nema. Uwar Alli ta cike shafi ɗaya, ita aka ba kujerar.

Ga abin da kwaɗayi ya ci wa Sarkin Bita. Shekarar jami'a ta tafi. Wakilci ya tafi, an ba wani. An hana shi bita har shekara uku, daidai da kwanan takardun bayan ƙofa. An ɗora masa ajinsa da na Uwar Alli har ta dawo. Akwatin mai taya kuwa, matarsa ce ta kai wa Uwar Alli aro, ta ce zunubi ne a bar sabon abu yana zaune. Abin da ya rage masa rigar sanyi ce a garin zafi, da jaka arba'in da ɗaya, biyu cike da albasa.