Butar Malam Lawan

Malama Jummai ta tsuguna gaban 'yar darbejiyar, ta kama ganyenta da yatsu biyu, sai ganyen ya marmashe a hannunta kamar busasshiyar kuka. Ta matsa ta gaba, ita ma haka. Ta miƙe tana karkaɗe zani, ranta a dagule. Hantsi bai gama yi ba, amma zafin bazara ya riga ya zauna wa Gyadi-Gyadi a ka.

Bishiyoyin nan goma sha biyu ita da ƙawarta Hasana mai ɗinki suka dasa su a ƙarshen damina, a siririn filin da ke tsakanin katangar masallaci da firamaren da Jummai ke koyarwa. Filin kuwa yana da mai so. Alhaji Shehu mai sana'ar ƙanƙara ya daɗe yana neman a ba shi ya girke babban janaretansa, wanda hayaƙinsa zai riƙa shiga tagogin azuzuwa kai tsaye. Da rigimar ta je gaban Mai Unguwa, sai ya raba gardama cikin sauƙi: a bar wa mata filin zuwa bazara, in bishiyoyi sun rayu wuri nasu ne, in sun mutu Alhaji ya kawo injinsa. Yau Asabar, bayan La'asar, Mai Unguwa zai zo ya gani da idonsa.

Duk unguwar an san Jummai. A Kano aka haife ta, mahaifinta mutumin Kafanchan ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, kuma in tana magana ba ka rabe ta da 'yar cikin gari sai ka gan ta ran Lahadi da littafin waƙoƙin coci a hammata. Matasan bakin titi sun laƙaba mata Malama Canjin Yanayi, saboda ko gaisuwa ka tsaya yi da ita sai ta tuna maka cewa zafin nan ba haka yake ba sa'ad da suke yara. Ba ta jin haushin sunan. Ita da Hasana sun bi gida gida, gidan Bahaushe da na Bayarabe da na Inyamuri, suna yi wa mata bayanin murhu mai cin gawayi kaɗan da fitila mai aiki da hasken rana, har suka tara 'yar ƙungiyarsu ta Matan Inuwa. Amma baki daban, ruwa daban. Tun da famfon burtsatsen layin ya lalace, sai ragowar ruwan wanke-wanke suke kinkimowa a bokiti, ƙasa kuma ta shanye shi kafin su juya baya.

Tana isa bishiyar ƙarshe, ta kusa da ƙofar masallaci, sai ta yi turus. Wannan kore take shar, har da sabon toho a kanta. A gindinta kuwa ga Malam Lawan, tsohon direban tifa da ciwon gwiwa ya ajiye, ya ture ƙayar da aka kewaye ta da ita, ya ɗare kan bulo yana alwalar sallar walha.

Ta jira ya idar, ta rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, Malama. In korata kika zo yi, ki bari in huta tukuna."

"Baba, kullum a nan kake alwala?"

"To ina zan je? Bakin kwatar can da kuka tura mutane, in na tsuguna sai an kira ƙarti biyu sun ɗaga ni. Nan ga bulo, ga abin dafawa. Liman ya yi sanarwarsa, ni ma gwiwata ta yi tata."

Jummai ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsa, ta waiwaya ta dubi kwatar da ke gefen titi. Bakin kwatar ya yi gansakuka, ciyawa ta fito kore kamar a tsakiyar Agusta. Sai ta ji kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa.

Ita ce fa ta jawo. Farkon dashen, da yake wurin alwalar masallacin ya yi wa jama'a kaɗan, maza kan ɗauki butocinsu su tsuguna a gindin bishiyoyin. A lokacin ne ta je wata bita a Tarauni, inda aka ja musu kunne cewa babban abokin gaban ƙaramin dashe shi ne ƙafar mutum da bakin akuya. Ta dawo da zafinta, ta sa aka kewaye kowace da ƙaya, ta kuma roƙi Liman ya hana kowa zuwa kusa. Liman ya faɗa sau ɗaya tak, kowa ya bi. Tun daga ranar, ruwan alwalar unguwa guda, safe da rana da dare, yake bin kwata yana wucewa.

Ta koma kan busassun, ta ɗan kankare bawon ɗaya da farce. Ƙarƙashinsa ɗanye ne. Ta gwada wata, ta sake gwada wata. Ganye ya tafi, amma rai yana nan.

Hasana tana kan keken ɗinki Jummai ta faɗo mata shago.

"Tashi, ƙawata, yafa mayafinki. Liman za mu gani."

"Wane Liman kuma da safen nan? Yana kasuwa."

"Can za mu same shi. Ni na kashe bishiyoyin nan da bakina, da bakina kuma zan tashe su."

A cikin adaidaita ta ba ta labari. Hasana ta riƙe haɓa, ta ce ita da take alwalar ma abin bai taɓa zo mata a rai ba, sai kuma ta tuntsire da dariya har direban ya leƙo su ta madubi.

Sun tarar da Liman a rumfarsa ta hatsi a kasuwar Tarauni, yana auna wa wata mata gero. Suka tsuguna daga gefe, aka gaisa, aka tambayi iyali. Jummai ba ta yi kwana-kwana ba.

"Allah gafarta Malam, kuskure na yi, na kuma sa ka a ciki. Roƙona ka janye sanarwar nan. Kowa ya koma gindin bishiya da butarsa."

Liman ya ajiye kwanon awo, ya dube ta yana murmushi.

"Malama Jummai ke nan. Jiya ki ce in kore su, yau ki ce in kira su. Gobe kuma fa?"

"Gobe sai godiya, Malam."

"To tsaya in tambaye ki. Ruwan Azahar da na La'asar zai fito da ganye kafin Mai Unguwa ya iso?"

"Ba zai fito da shi ba. Ni ma ba so nake a rufe masa ido ba. Ya ga busasshen ganyen, ya kuma ga cewa daga yau suna da masu ba su ruwa."

Ya juya gero da hannu. Can ya ce ruwan da mutum ya tsarkake jikinsa da shi ya fi dacewa da gindin abu mai rai a kan kwata, kuma duk wanda ya sha inuwar nan gaba, mai butar yana da lada. Sannan ya ƙara da cewa shi ma, in za a faɗi gaskiya, ya gaji da warin kwatar nan.

Suka dawo suka shiga aikin ƙaya cikin tsakar rana. Matan ƙungiya suka fito, har da Maman Kehinde mai shagon kayan miya, wadda ta zo da tsohuwar safar hannun mijinta. Suka buɗe wa kowace bishiya ƙofa, suka kafa bulo a gabanta, suka yi mata ɗan gurbi yadda ruwa zai kwanta. Bayan sallar Azahar muryar Liman ta fito ta lasifika. Jummai tana tsaye a inuwar katangar makaranta, gumi yana bin bayanta, ta ji an ambaci sunanta a cikin masallaci ana cewa a taimaka wa aikin Malama. Ba ta san sanda ta gyara tsayuwa ba.

Tun gab da La'asar Mai Unguwa ya iso, bai jira lokacin da ya sa ba, Alhaji Shehu yana biye da shi cikin farar shadda, fuskarsa fal annuri. Ya tsinki ganye ɗaya ya murje a tafin hannu, ya hure.

"Ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare. Wannan itacen girki ne. Malama, kin yi ƙoƙari, amma bishiya ba ta shan turanci."

Jummai ta buɗe baki za ta mayar masa. Sai ladan ya kira salla.

Nan da nan layin ya cika. Masu shaguna, makanikai, 'yan adaidaita, ma'aikatan da ke hutun Asabar, kowa ya zari buta ya nufi bishiya. Inda aka yi yawa, biyu su raba gindi ɗaya, wani ya tsaya yana jiran layi. Ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a kan busasshiyar ƙasa, ƙamshinta ya tashi kamar an yi yayyafin farko. Mai Unguwa ya tsaya yana kallo, daga bisani shi ma ya naɗe hannun riga.

Alhaji Shehu ya ɗauki buta ya nufi kwata kamar yadda ya saba. Malam Lawan ya ɗaga murya daga kan bulonsa.

"Alhaji, ba ka zo Azahar ba ne? An tashi daga nan. Ga waccan ta tsakiya ba kowa."

Ta tsakiyar ita ce mafi ban tausayi a cikinsu, sanda ce kawai da ganye uku. Kuma daidai nan ne Alhaji ya sa aka auna masa mazaunin janareta. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga idon unguwa duk a kansa, ga shi ana shirin tayar da salla. Ya tattare shaddarsa ya tsuguna. Jummai ta kawar da kai don kada ya ga fuskarta, Hasana kuwa ta cusa bakin mayafi a baki.

Da aka sallame, Mai Unguwa ya zo ya tsaya a kan bishiyoyin. Jummai ta nuna masa inda ta kankare, shi ma ya gwada da nasa farcen.

"Da ransu," in ji shi. "Na ce in sun mutu, ba su kuwa mutu ba. Kuma Alhaji, ni dai ba za a ce a zamanina aka tashi masu alwala aka ajiye inji ba."

"Ranka ya daɗe, ƙanƙarar fa? Da me zan daskarar da ita?"

"Alhaji," in ji Hasana, "rufin shagonka tun safe rana take dukansa a banza. Ka zo taronmu ran Laraba, akwai mai haɗa wutar sola da zai yi bayani."

Alhaji ya yi tsaki, ya saɓa babbar riga ya nufi motarsa. Jama'a suka watse. Jummai ta tsaya ita kaɗai tana duban jiƙaƙƙun gurabun nan goma sha biyu, ƙirjinta cike da alfahari, da kanta da kuma unguwar da ta haife ta. Ta sunkuya tana tattara ragowar ƙaya, sai ta ji takun mutum a bayanta. Alhaji Shehu ne ya dawo, makullin mota a hannu.

"Malama, waccan ta tsakiyar, wa ya ce a kwashe mata ƙaya ta ɓangaren titi?"

"Don a samu wurin tsugunawa ne, Alhaji."

"To a mayar. Ta ɓangaren katanga zan riƙa zama. Ba zan zuba ruwana da Asuba akuyar wani ta zo ta cinye da hantsi ba."

"An gama, Alhaji," in ji Jummai.

Ta ɗebo ƙayar da hannu biyu ta nufi bishiyar tsakiya. Wata ta soke ta a yatsa, ba ta ko tsaya dubawa ba.