Yaɓen Bangon Gabas

Shekara biyu da gina ɗakin, amma bangon gabas ya riga ya tsufa. Daga can ruwa yake zuwa da iska, daminar bara kuwa ba ta raga masa ba. Yaɓen farko ya zube a wurare, tubala sun fito kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Gindin ma ya zaizaye, daidai inda indararo ya karkace.

Surajo ya gaji da bangon nan. Da ya gama gini ya ɗauka shi ke nan, zai sa matarsa Hure a ciki ya kama gabansa. Ashe ɗakin ƙasa jinjiri ne, kullum da abin da yake nema. Ga shi abokinsa Tanko ya samo musu aiki a wani sabon ramin zinari can bayan Adabka, ranar Juma'a za su tafi. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba inda za shi sai ya yi yaɓe.

"Ba ka bar min ɗiyar mutane cikin ɗakin da ruwa ka ci," in ji ta.

Ƙasar yaɓe tana kududdufi, da nisa, sai an ari jakin maƙwabcinsu Baba Tsoho. In an kawo a tsince tsakuwa, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓe. Juma'a za ta wuce. Ya kai wa Tanko kuka a bakin masallaci.

"Kai dai son wahala gare ka," Tanko ya ce. "Ga ƙasa can bayan gari inda anka niƙa dutse da. Laushi kamar garin tuwo, ba mai ita. Ɗan sawu bisa babur ka gama."

"Wadda anka hana?"

"Ci anka hana. Bango na da ciki ne?"

Surajo ya yi dariya, ba don ya manta ba. Kowa a garin yana tune da shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, aka zo da shebur aka kankare tsakar gidaje aka zuba sabuwar ƙasa. Tun daga nan aka hana shigo da dutsen zinari gida. Amma wannan tulin yana daji, ya sha ruwa ya sha rana. Ya ce wa kansa ai ruwa ya wanke shi.

Ranar da Inna ta tafi bikin suna ƙauyen Abare, ya yi ta jigila da buhuna. Ƙasar ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Ta kwaɓu nan take, ta kama bango sumul, ko tsakuwa ɗaya babu. Kafin la'asar ya kai yaɓe tsayin ƙirjinsa. Bayansa yana ciwo, amma rabonsa da jin daɗin wani aiki haka har ya manta.

Inna ta dawo ta tsaya da mayafinta a kafaɗa. Ta daɗe tana kallon bangon. Ta lakato kaɗan ta murza a yatsu.

"Ina ka samo wagga ƙasa?"

"Inna, ƙasa ce dai."

"Na tambaye ka ko ruwa ne?"

Sai ga 'yarsa Hindu ta fito daga ɗaki tana tangaɗi. Ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma da bango take yi, ta dafa nan ta dafa can. Ta zagayo ta manna tafinta a ɗanyen yaɓen, ta ga ya yi mata sanyi, ta yi dariya ta nufi baki da hannun. Hure ta saki muciya ta cafke ta. Yarinya ta tsala ihu.

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Usama ma da bango ya koyi tahiya," ta ce, ta shige ɗakinta.

Usama ɗan yayansa ne. Surajo ne ya ɗauko gawarsa a babur daga asibitin Anka waccan shekarar, naɗe cikin zane.

Hure ta wanke wa Hindu hannu da sabulu, ta sake wankewa, ta goya ta. Ta ɗauko fartanya ta jingine kusa da ƙafarsa.

Kankarewa ta fi shafawa wuya. Ƙasar ta shige tsakanin tubala, sai da ya bi ta da tsinke da tsohuwar wuƙa. Inda ya kankare, tsohon yaɓen ma ya biyo. Ya kwashe a buhu, ya share wurin, ya ƙara sare ƙasar ƙasan ya haɗa, ya mai da su inda ya ɗebo. Washegari ma haka. Da ya gama, bangon ya fi da muni.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Tanko ya tsaya a ƙofar gida da babur, ƙunshin kaya ɗaure a baya.

"To, mijin bango, ta sake ka ko da saura?"

"Tahi kawai."

"Shekara mai zuwa ma tana nan tana jiran ka."

"Na sani."

Ƙarar babur ta yi nisa. Gabas ta fara duhu, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Surajo ya jawo tsofaffin zana biyu ya jingina wa bangon, ya tokare da itace, ya hau ya gyara wa indararo zama. Ko za su riƙe, oho.

Ya sauko ya leƙa ɗakin Inna. Hindu tana barci a kan tabarma, yatsa a baki.

"Inna, jakin Baba Tsoho na nan?"

"Shina nan. Ka biya ka ari mangala."

Ya saɓa shebur ya fita.