Waken da Ke Cikin Gwangwani

Irin wakena na ubana ne. Shi ma wurin ubansa ya samo. Fari ne mai baƙin ido, yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke ba ya ba ka kunya. Ban taɓa sayen iri a kasuwa ba.

Bana ruwa ya shiga ɗakin ajiyata ina kwance a asibiti. Da na dawo na kwance buhun, sai fumfuna da wari. Na zaɓi masu ɗan kyau na jiƙa a tsumma, ko ɗaya bai tsira ba. Na ce a kai bola. Ban yi wa kowa maganar ba.

Autata ce ta ji a bakin yayanta, wanda ya kai buhun bola. Tana aiki a jami'a, a ɗakin da suke binciken tsirrai. Ta zo da goyonta, ta zauna a bakin ƙofa.

"Baba, ka tuna cikin tafin da na ɗiba shekarun baya? Wanda ka ce na sata?"

"Ai sata kika yi."

"To, abin satar yana nan a firiza. Amma akwai matsala."

Matsalar ita ce an taɓa ɗauke musu wuta, ƙanƙara ta narke, takardun da aka manna a jikin ledojin suka ɓare. Aljihun firiza guda, duk wake ne daga hannun manoma daban-daban, babu mai suna.

Na ce, "Kai ni. Na san wakena."

A ɗakin binciken suka sa mini farar riga da safar hannu kamar zan yi wa mutum aiki. Ɗakin sanyi, babu ƙura, injuna na ta gunaguni. Auta ta jera ledojin a kan tebur. Na duba. Na kai kusa da ido, na shinshina, na juya. Fari mai baƙin ido ya fi ashirin. Na daɗe a tsaye.

"Baba, wanne ne?"

"Ba ni kujera."

Ba za a shuka duka a gani ba. Kowace leda kaɗan ce a ciki, ba nawa ba ne in yi wasa da su, damina kuma ta kusa. In ta wuce ni, ban san ko zan ga wata da ƙarfina ba.

Wani dogo mai tabarau, wanda ke zaune gaban kwamfutoci, ya juyo da kujerarsa. Dogo suke ce masa.

"Baba, ba ka da ko ƙwaya ɗaya ta tsohon? Ko matacciya ce."

"Me matacce zai yi maka?"

"Ba zai tsira ba, amma zai karantu. Kowane iri da rubutunsa a cikinsa, abin da ya gada. Mu karanta naka, mu karanta waɗannan, mu ga wanda ya dace."

Na ce na zubar. Ya cire tabarau ya murza ido.

Yarinyar da ke bayan Auta ta fara rigima. Auta ta laluba jaka ta miƙa mata abin wasanta, wani tsohon gwangwanin madara da aka danne bakinsa aka naɗe da zare. Ta girgiza shi, kacau kacau.

Na san wannan gwangwanin. Marigayiya matata ce ta yi wa Auta tun tana rarrafe. A gabana ta ɗebi abin da ta zuba a ciki, daga buhun iri, har na yi mata faɗa.

Na ce, "Karɓo gwangwanin nan."

Auta ta dube ni, ta dubi gwangwanin. Ta rufe baki da hannu.

"Na Inna ne, Baba."

"Na sani. Buɗe."

Ita ta buɗe da kanta, a hankali, ba ta tsinka zaren ba. Waken ya yi ja, ya ƙanƙance, ya yi santsi don bugun shekaru. Yarinya ta tsala ihu an ƙwace mata dukiya. Dogo ya ba ta makullansa.

"Yi haƙuri, amarya, aro muka yi."

Suka daka biyu a wani ɗan turmi da bai kai kofin shayi ba. Suka ɗiga ruwaye, suka sa a inji mai juyawa. Daga kowace leda ma suka ɗauki ƙwaya. Aka ce in tafi gida, aikin ba na yini ɗaya ba ne.

Na gyara gona. Maƙwabci ya ce zai ba ni irinsa. Na ce ya riƙe tukuna.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da Auta ta kira ni. Dogo ya nuna mini allon kwamfuta, layuka masu launi jere-jere. Ban gane komai ba, na kuma gaya masa haka. Ya sa yatsa a kan layi biyu, na waken gwangwani da na wata leda. Wannan kam na gani, ɗaya kamar ɗaya.

Wata malama mai lissafi ce ke da maganar ƙarshe. Ta ce, "Baba, kashi casa'in da tara cikin ɗari, har da ɗoriya."

"Nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Lissafi ba ya rantsuwa."

"Ke fa?"

Ta yi dariya. "Ni da gonata ce, da na shuka."

Na ce, "Haka ake magana."

Suka raba ledar biyu, rabi nawa, rabi na firiza. Auta ta rubuta sunan ubana a jikinta da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, ta rubuta wata takardar ta jefa ciki.

Na shuka a layin tsakiya, inda awaki ba sa kaiwa. Ranar da ya yi fure na durƙusa na duba. Furen ne. Ganyen ne. Ya nuna kafin na kowa.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Da na rore na sussuke, na cika kwando na hau mota na kai musu. Mai gadi ya ce ba a shiga da abinci. Na ce ya kira Dogo.

"Baba, duk wannan?"

"Rabi na ci ne, ku raba da mai lissafi. Rabi ku sa a sanyin nan. Ku rubuta da kyau."

"An gama, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya bar muku wutarku."

Na karɓi gwangwanin wurin Auta, na ƙara masa sabbi a kan tsofaffin, na danne bakin, na mayar da zaren yadda uwarta ta naɗa. Na miƙa wa yarinyar. Ta girgiza shi, ta kai baki.