Audugar Haladu

Da sunan Allah, mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne. Akwai Haladu, wanda ake kira ya duba majinyaci idan ana zaton rai ya yi halinsa, da matarsa Rahamatu, wadda ta riga shi komawa ga Allah. Akwai Maikasuwa, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, mai sayar da barkono a kasuwar Gwiwa. Akwai Gwaggo Batulu mai wankan gawar mata, da Liman Musaddiƙ. Na shidansu Sama'ilu maƙeri ne, shi sai a ƙarshe zai shigo.

A wani ƙauye da ke tsakanin Gwiwa da Roni, a shekarun farko na Jihar Jigawa, ba a cewa mutum ya rasu sai Haladu ya faɗa. Wurin mahaifinsa ya gaji aikin. Asibiti da nisa, hanya kuma ba ta biyuwa da damina, saboda haka idan majinyaci ya yi shiru sai a aika masa. Yakan zo da ɗan silin auduga ƙunshe a takarda, ya durƙusa, ya ɗora ta a ƙofar hancin mutum, ya yi salati goma a zuci yana kallonta. In ta motsa, sai ya ce a kawo ruwa. In ba ta motsa ba, sai ya shafe idanun ya ce, "Sai haƙuri." Daga wannan kalma mata ke fara kuka. Sannan ya ɗauki karan dawa ya auna mamacin daga kai zuwa dunduniya, ya karya, ya miƙa wa masu haƙa kabari.

Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, abin da kuma aka fi yaba masa shi ne gawa ba ta daɗewa a hannunsa. Liman Musaddiƙ kansa yakan ce gaggauta jana'iza girmama mamaci ne, Haladu kuwa ya riƙe wannan magana da hannu biyu.

Wata Talata cikin marka, Maikasuwa ya faɗi a gona bayan kwana uku yana fama da zazzaɓi. Aka ɗauko shi a amalanke. Haladu ya ɗora auduga, ya yi salatinsa goma, har ya ƙara biyar saboda tare suka tashi tun suna kiwon awaki. Auduga ba ta motsa ba. Ya faɗi kalmar da hawaye, ya auna, ya karya kara, ya ce a hanzarta. Aka haƙa kabari, aka yanka likkafani, aka kai gawa bayan zana. Haladu ne da kansa yake zuba ruwan magarya. Yana zubawa a ɓarin dama sai babban yatsan ƙafa ya lanƙwashe, sai kuma tari ya biyo baya. Mutum biyun da ke taya shi suka fice ta kan zana, suka bar shi tsaye da buta a hannu.

Liman ya ce ba a barin kabari da baki buɗe, aka sa karan awo a ciki aka mayar da ƙasa. Gari ya cika da murna, aka yi sadakar ƙosai, mutane suka riƙa zuwa daga Gwiwa don su ga wanda ya dawo. Haladu kaɗai ne bai shiga murnar ba.

Dalili kuwa, shekara uku kafin wannan, da damina irin wannan, Rahamatu ta yi zazzaɓin kwana biyu, ta yi shiru da hantsi. Shi ya ɗora mata auduga. Hadari ya haɗo daga gabas, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana ce wa mata su yi sauri kada ruwa ya cika kabari. Kafin azahar an rufe ta. Suna barin maƙabarta ruwa ya sauko, jama'a suka ce ga rahama ta bi mai sunanta. Ya daɗe yana samun sanyi a wannan magana. Yanzu kuwa abu guda ke yi masa yawo a kai: audugar da ta yi ƙarya a hancin Maikasuwa, ita ce ya gaskata a hancin Rahamatu.

Ranar da Maikasuwa ya cika kwana goma da farfaɗowa, Haladu ya tafi gidansa. Ya same shi a zaure, jingine da bango, yana shan kunun tsamiya da ludayi.

"Ga bawana ya zo ya ga ko ubangidansa ya sake mutuwa," in ji Maikasuwa. "An ce karan da ka auna ni da shi bai kai ba. Har a kabari sai ka yi mini ƙwauron wuri?"

Haladu ya zauna a bakin tabarma, bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara.

"Ka ajiye wasa tukuna. Lokacin da kake kwance muna ta hidima a kanka, ina kake?"

Maikasuwa ya mayar da ludayi cikin ƙwarya. "Ina nan."

"Kana ji?"

"Ba abin da ya wuce ni. Na ji ka ce sai haƙuri. Na ji uwar 'ya'yana ta fasa kuka. Na ji kara ya taɓa mini dunduniya, na ji ƙararsa da ka karya shi. Na ji ka ce a hanzarta."

"Ka ji tsoro?"

Maikasuwa ya ture ƙwaryar gefe. "Da fari na yi ta kiran sunanka, baki ya ƙi buɗuwa. Ka san mutumin da ya shiga rumbu ɗibar gero aka kife masa murfi, yana jin takun masu wucewa? To haka. Daga baya sai abin ya sake. Na ga jikin nan kamar rigar da aka shanya, ni kuma ina gefe. Ba zafi, ba sanyi. Amma ni ne, da sunana da hankalina, har ina tuna barkonon da na baza a tsakar gida ko an kwashe. Ban sani ba ko bakin mutuwa ne na je, ko kuwa ban ma kusa ba." Ya dubi Haladu da kyau, fuskarsa ta canza. "Rahamatu kake tunani."

Haladu ya tashi ya sa takalmi. Maikasuwa ya kira shi da sunansa, ba da sunan wasa ba, amma bai juyo ba.

Bayan sallar la'asar ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da buzun liman.

"Allah gafarta Malam, yaushe ruhi ke gama barin jiki?"

"Wannan sanin Allah ne, Haladu. Mu alama kawai muke gani." Liman ya riga ya gane inda aka dosa. "Ka yi aiki da iyakar abin da ka sani, babu laifi a kanka. Wanda kwanansa bai ƙare ba, ƙasa ba ta karɓarsa. Ga Maikasuwa nan shaida."

"Ba laifi nake tambaya ba, Malam. Ina tambaya ko ta ji muryata ina cewa a yi sauri."

Liman ya juya carbi a hannu. Mutum ne da ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba don ya faranta wa wani. "Malamanmu sun ce ko wanda ya cika da gaske yana jin tafiyar masu rakiya idan sun juya. Ruhi ba ya mutuwa, gida yake sakewa. Abin da ta ji da wanda ba ta ji ba, ban isa in faɗa maka ba. Ka yawaita mata addu'a."

Haladu ya yi godiya ya fita, nauyin da ya shigo da shi ya ƙaru. Ko da rai aka rufe ta ko babu, muryarsa ce ta ƙarshe da ta sani, muryar kuma korarta take yi.

Mutum ɗaya ya rage wanda hannunsa ya taɓa jikin Rahamatu a ranar. Gwaggo Batulu ta tsufa, ta koma Roni wurin 'yarta. Da sassafe Haladu ya hau kekensa, inda laka ta yi yawa ya sauka ya tura. Ya same ta a gindin darbejiya tana tsince wake a faifai, ido ɗaya ya riga ya yi fari. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen ƙauye gida-gida, ta ce labarin Maikasuwa ya iso su tun ran kasuwa.

"Gwaggo, ke kika wanke Rahamatu."

"Ni ce."

"Yaya kika sami jikinta?"

Hannunta ya tsaya a cikin wake. "Ɗan nan, ba ni na duba ba. Kai ka duba, ni wanka aka ce in yi."

"Na sani. Don girman Allah ki faɗa mini abin da kika gani."

"Da ɗumi. Amma duk wanda ka miƙo mini da ɗuminsa kake miƙo shi, ai ba ka bari su huce. Gaɓoɓinta na lanƙwasuwa, wannan ma ba baƙon abu ba ne." Ta tura tsakuwa gefen faifai. Haladu ya jira. "Da na zo kitse mata gashi gida uku, na ga ruwa a gefen idonta na hagu, ya gangaro zuwa kunne. Na goge da bakin zane. Ina gama kitso na ga wani. Na sake gogewa. Kai kuma kana bakin ƙofa kana cewa hadari."

"Hawaye ne?"

"Ruwan wanka na shiga ido ya fito. Na sha gani. Shekara uku ina gaya wa kaina haka, kuma mai yiwuwa gaskiya nake gaya wa kaina." Ta ɗago idonta mai gani. "Da ka bar ni da abina na tafi da shi."

Ya roƙi gafararta, ya ajiye mata goro biyu. A hanyar komawa bai hau keken ba, turawa ya yi har gida.

Damina ta wuce ba a yi rasuwa a ƙauyen ba. Haladu ya rame, ya yi girbi kamar wanda aka sa dole. Sai da aka gama ɗaure dawa, wata safiya, aka aiko cewa Sama'ilu maƙeri, wanda ya daɗe yana tari, ya yi shiru.

Ya tafi da audugarsa. Ya ɗora, ya yi salati goma, ba ta motsa ba. Mata sun taru a bayan asabari suna jiran kalma, masu haƙa suna waje da diga a kafaɗa. Haladu ya ɗauke audugar ya mayar cikin takarda, ya gyara zama, ya kama hannun Sama'ilu. Ya sunkuya daidai kunnensa ya yi magana a hankali, amma na kusa sun ji.

"Sama'ilu, Haladu ne. In kana ji, ba inda za mu kai ka yanzu. Ina nan zaune. In kana da iko, ka matsa mini yatsa."

Hantsi ya wuce, aka kira azahar. Ƙanin Sama'ilu ya leƙo sau uku, na ukun ya ce wulaƙanta gawa ake yi. Liman Musaddiƙ ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Haladu, jama'a na jira."

"Su yi haƙuri, Allah gafarta Malam. Shi ma wataƙila jira yake."

Liman ya dube shi, ya dubi wanda ke kwance, ya koma ya ce wa mutane su zauna. Haladu bai tashi ba sai don salla, yana idarwa ya dawo ya kama hannun. Lokaci-lokaci yana gaya wa Sama'ilu inda rana ta kai, da waɗanda suka zo. Bayan la'asar hannun ya yi sanyi har zuwa gwiwar hannu, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa, muƙamuƙi ya sandare. Sannan ya sake sunkuyawa ya ce, "Yanzu zan auna ka. Kara ne za ka ji a ƙafarka." Ya ɗago ya fuskanci asabari ya ce, "Sai haƙuri."

Rana na gab da faɗuwa aka rufe kabari. Dangin maƙerin ba su yi masa godiya ba, wasu ma suka ce Haladu ya samu taɓuwa tun ranar Maikasuwa. Jama'a suka juya da sauri don su riski magariba. Shi ya ratsa ta cikin kaburbura zuwa gindin wata aduwa, inda ƙasa ta ɗan lotsa, ciyawa ta bushe a kai. Ya tsuguna ta wajen kai.

"Rahamatu, ni ne. Ranar nan hadari nake gudu, ba ke ba."

Ya jira, kamar yadda ya jira yatsan Sama'ilu. Ba abin da ya motsa sai busasshiyar ciyawa. Ya yi mata addu'a, ya miƙe, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bar wurin taku ɗaya-ɗaya, don in tana jin tafiyarsa kada ta ji sauri a ciki.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda alƙalami ya zame, a harafi ko a kan abin da ya shafi addini, masu karatu su gyara, Allah Ya ba su ladan gyara.