Shaddar Ciyaman

Malam Dikko tela ya haura shekara ashirin yana ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Tremont, can ƙasar waje. Ya ɗinka wa limamai, ya ɗinka wa angwaye, har ya taɓa ɗinka wa wani ɗan siyasa da ya zo duba lafiya ya koma gida da ƙarin tumbi. Kare ne kawai bai taɓa ɗinka wa ba, kuma bai san da wannan giɓi a rayuwarsa ba sai ranar da Yafet ya turo ƙofar shagon.

Yafet abokinsa ne tun suna samari a Kaduna, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya. Bara matarsa Aminci ta rasu, ta bar masa gida shiru da kare guda, gajere mai faɗin ƙirji, fuska a murtuke kamar wanda aka riƙe wa fansho. Ita ta raɗa masa suna Ciyaman. Ita ce kuma take kai shi gasar karnuka, inda mutane masu ilimi ke taruwa su duba haƙoran dabba da takunta da irin natsuwar da ba sa yi wajen zaɓen suruki. Tun da aka binne ta Yafet ya daina fita. Coci ma sai dai ta waya. Dikko ya kai masa tuwo, ya kai masa nasiha, ya kai masa zagi, babu wanda ya sauko da shi daga bene.

Ga shi yau da ƙafarsa, rigarsa ta yi masa yawa.

"Direba, kai ne ko fatalwarka?"

"Ni ne, Malam. Aiki na kawo maka, amma kada ka yi salati tukuna."

Akwai wata gasa, in ji shi, da Aminci ba ta taɓa fashinta ba, a wani fili a tsibirin Staten Island, cikin Agusta. Yana so ya kai Ciyaman. Matsalar ita ce irin wannan kare ba ya jure zafi, hancinsa gajere ne, numfashi ke gagararsa. Akan sa masa rigar sanyi yana jiran a kira shi. Tsohuwar rigar ya tauna ta, na kanti kuma ba sa shiga ƙirjinsa.

"Kamar randa take," in ji Yafet. "A jiƙa ta, ta sha ruwa, iska na bugawa tana sanyaya jiki. Ka gane?"

"Ni za ka koya wa randa?"

Dikko ya gane sarai. Sai dai abin da ya zauna masa a kunne daban ne: abokinsa zai fita, zai tsaya gaban jama'a, kuma duk abin da ke jikin karen nan aikin hannun Dikko ne.

Awon ma sai da aka yi shawara. Dikko bai taɓa taɓa kare ba, bai kuma ga dalilin farawa da furfura a gemu ba. Yafet ya durƙusa da tef a falonsa, Dikko kuma ya tsaya bakin ƙofa yana ba da umarni. "Wuya. A'a, ka sassauta, ba maƙure shi na ce ka yi ba." Ciyaman ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai nuna ya gamsu da kowa ba.

A shago Dikko ya ɗauko yadin auduga, ya juya shi, ya mayar. Wannan ai na likkafani ne ko na ɗan makaranta. Ya hau kujera ya sauko da farar shadda mai maiƙo wadda yake ajiye wa manyan baƙi, irin wadda in mutum ya motsa sai ta yi magana. Ya sa mata shafi. Ya yi mata aiki a wuya da zare ruwan zuma. Kuma kamar kowane tela mai mutunci, bai gama ba sai safiyar ranar, Yafet na ƙasa yana danna hon.

A mota Dikko ne a baya, don gaba wurin Ciyaman ne. Ya sa kaftaninsa mafi tsufa, wanda wanki ya cinye har ya yi laushi kamar tsumma, saboda gashin kare.

Kafin hantsi filin ya zama tanda. Ko'ina karnuka ne a kan tebura, ana taje su, ana yi musu fifita da 'yan fankoki, kowanne sanye da wata jiƙaƙƙiyar riga mara fasali. Dikko ya dube su da tausayi. Da aka ɗaura wa Ciyaman tasa, sai ga shi kamar uban ango. Wata tsohuwa mai kare kamar tulin auduga ta tsaya ta ɗauke shi hoto.

Yafet ya buɗe kula, ya ɗebo ruwa, ya zuba a bayan rigar. Ruwan ya dunƙule, ya gangara, ya sauka a ciyawa. Ya ƙara. Haka dai. Shaddar na nan tana ƙyalli, ko ɗigo ba ta karɓa ba.

"Malam, me ka sa?"

"Mai kyau na sa."

"Na ga mai kyau ce."

Dikko ya fi son a ce zaginsa Yafet ya yi. Ciyaman ya fara haki, harshe a waje, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon inji. Yafet ya kwance rigar da sauri, ya ja shi inuwa, ya shafa masa ruwa a ciki. Layinsu da saura, rana kuwa yanzu ta fara.

"Ba zan kashe mata kare ba," in ji shi a hankali. "Mu tafi gida."

Dikko ya san gidan nan. Ya san labulen da ba a ɗagawa da kwanukan tuwon da ke dawo masa da rabi. In aka koma yau, sai dai kuma wata shekarar, in da rai.

Ya cire hula. Ya kama kaftanin ta wuya ya zare shi, ya tsaya a tsakiyar Staten Island daga shi sai singileti da wando, da tumbin da matarsa kaɗai ta san iyakarsa. Ya tsoma kaftanin a kula. Tsohon yadin ya sha ruwa kamar ya shekara yana jira. Ya matse shi kaɗan, ya yi bisimilla, ya durƙusa ya lulluɓa wa karen, ya zagayo da hannayen rigar ta ƙarƙashin ƙirji ya ɗaure. Jikin dabbar da zafi kamar na yaro mai zazzaɓi. Bai yi tsammanin haka ba.

"Malam, ka taɓa shi fa."

"Rufe mini baki ka kawo ruwa."

Ya zauna a ciyawa yana yi masa fifita da hula. In yadin ya fara bushewa su sake jiƙawa. Sannu a hankali hakin ya lafa, harshen ya koma mazauninsa, Ciyaman ya ɗora haɓarsa a gwiwar Dikko, ya bar masa yawu a wando. Dikko ya dubi sama.

Da aka kira su, Yafet ya warware kaftanin, ya goge karen, ya gyara wuyan rigarsa, ya shiga. Ya zagaya da shi gaban alƙaliya, kafaɗa a miƙe, yana 'yar sassarfa da ba a san yana da ita ba. Sun zo na uku. Karnuka huɗu ne, na huɗun kuma ya zauna ne ya ƙi tashi. Dikko ya yi tafi har mutane suka waiwayo, suka ga singileti, suka mai da kansu.

A hanyar dawowa Yafet bai nufi gadar komawa gida ba, ya karya kan mota zuwa unguwar Tompkinsville.

"Ina kuma za mu?"

"Akwai wata 'yar Gana mai abinci a nan. Yunwa nake ji, Malam."

Dikko ya daɗe bai ji magana mai daɗin wannan ba, don haka ya ɓata rai. Ya dubi kaftaninsa da ke ƙasan mota, jiƙe, duk gashi.

"A haka zan shiga cikin mutane?"

Yafet ya miƙo masa rigar Ciyaman ta baya, ko waiwayowa bai yi ba.

"Yafa wannan. Mai kyau ce."